Mai Baibayar Salansa

Duk wanda ya shiga kasuwar Madawa ta wajen masu gyaran babur zai ga wani dattijo a gindin dogon yaro, zaune kan tabarma, da bokitin ruwa a gefensa, hannayensa biyu cikin tsohuwar safar ƙafa. Shi ba bakanike ba ne. In ka turo masa babur da ya ƙi tashi, zai dube shi da tausayi, ya nuna maka rumfar Sufyanu. Abu ɗaya ya sani a jikin babur, wato salansa, bututun nan mai fitar da hayaƙi, ita ma ba cikinta ya sani ba, bayanta ya sani. Sunansa Ɗanlami, kuma 'yan kabu-kabu tun daga Urno suke zuwa layi a gabansa ranar kasuwa.

Asalinsa mutumin Gidan Jima ne, wani ƙauye da ke bayan duwatsu in an wuce Galma. Baibaya ya gada. Tun yana saurayi ubansa ya koya masa yadda ake yanta shuci ya zama doguwar shimfiɗa, a yayyafa masa ruwa don ya yi laushi, sannan a hau tsaiko a yi ta zagayawa da shi. Daga ƙasa ake farawa, kowane zagaye ya hau rabin na ƙasansa, har a kai ƙoli. Ruwan sama in ya sauka sai ya yi ta gangara daga wannan zuwa wancan bai sami bakin shiga ba. Ɗakin da Ɗanlami ya baibaye, mai shi yakan manta da zancen yoyo har damina huɗu.

Sai kwano ya shigo gari. Samarin yankinmu na Adar suka tafi ci-rani, suka dawo da kuɗi, kowa ya yaye jinkar uwarsa ya kafa mata kwano. Ni dai har yau ban ga ribar kwana cikin tanda ba, amma wa ya tambaye ni. Aikin Ɗanlami ya koma kan rumbuna da 'yan bukkokin da suka rage a ƙauyukan nesa. Don ya riƙa isa can ne 'ya'yansa maza biyu da ke Abijan suka haɗa suka saya masa babur na hannu, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Ya koyi tuƙi a fako, ya faɗi sau da dama, ya iya.

Matarsa Indo ce ta fi kowa murna da babur ɗin. Indo 'yar wajen Keita ce, doguwa kakkaura mai dariyar da ake ji daga rijiya. Tana budurwa ta yi aikin gyaran ƙasa, inda ake jera duwatsu don tare zaizaya, ta ɗauke su a ka har tsakiyar kanta ya daina fitar da gashi, don haka ba macen da za a kira matsoraciya ba ce. Shekara guda cur ba biki ba suna ba ta'aziyya da ba a gan su tare ba, shi a gaba ya ƙame, ita a baya tana gaida mutanen hanya.

Wata rana da bazara suka dawo daga suna a Galma. Rana ta yi zafi, hanya ta yi tsawo, ɗan murfin ƙarfen da ke kare salansa kuwa ya daɗe da faɗuwa a kan duwatsu, Ɗanlami yana ta cewa gobe zai sa a mayar. A ƙofar gida Indo ta sauka ta dama, zaninta ya ɗage, sha-raɓarta ta manne da salansa. Ihun da ta yi har yau Ɗanlami bai son a tuna masa. Fatar ta zauna a jikin ƙarfe. Gyambon ya yi wata huɗu ana kai ta likita a amalanke, ya ci ya rarake kafin ya haƙura, ya bar tabo kamar tafin hannu.

Da ta warke ya sa aka mayar da murfin, ya turo babur ɗin gabanta yana murmushi. Ta dubi murfin, ɗan ƙarfe ne da bai wuce taƙi guda ba, sauran bututun duk tsirara.

“Malam,” ta ce, “ni da wannan ƙarhe hal abada. Ka hau abinka, Allah shi kiyaye.”

Ba faɗa ta yi ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. In ya tada babur a tsakar gida sai ta ja ƙafa ta shige ɗaki. Shekara biyu yana yawo shi kaɗai. Taubashinsa Hamani, wanda katanga ce kawai ta raba gidajensu, ya samu abin yi. Ko a masallaci suka haɗu sai ya ce, “A ba mai tsire hanya, yau ƙahwar wa za a gasa?” Ɗanlami yakan yi dariya don taubashi ba a fushi da shi, amma abin yana cinsa, domin ya san sakacinsa ne.

Ana nan sai ga zancen Fatiha. Ita ce autarsu, kuma ita kaɗai ce mace, tana aure a Buza wajen wani tela mai suna Kamilu. Cikinta na fari ya zube. Na biyu ya kai wata takwas a tsakiyar damina, kuma bisa al'ada gida za ta zo ta haihu a gaban uwarta. Kamilu ya kira waya da hantsi.

“Baba, likita ta ce ba ta hawan hanya, ta zamna kusa da asibiti. Kuma ita kullum Inna taka kira. Ko abinci ba ta ci sosai.”

Indo tana jin komai daga bakin murhu. Ta miƙe ta shige ɗaki. Kafin azahar ta ɗaure kayan jego, kanwa da yaji da daddawa da sababbin zannuwa, ta ajiye ƙullin a bakin ƙofa. Matsalar ita ce ruwan Yuli ya cinye hanyar amalanke, ƙorama ta yanke gaɓa ta bar rami. Hanya ɗaya ta rage zuwa Galma inda ake samun mota, ta kan dutse, sai ƙafa sai babur. Indo ta ce da ƙafa za ta. Ta kai gindin dutse gwiwarta ta kumbura, aka dawo da ita tana dafa kafaɗar mata. Aka kawo jakin Hamani. Jakin ya ji nauyinta, ya durƙusa a ƙofar gida ya ƙi tashi, yara suna ta ƙyaƙyata dariya. Ranar ne Ɗanlami ya ga matarsa tana kuka a bayan rumbu, ita da ko ranar ƙuna ihu ta yi ba hawaye.

Ya rasa inda zai sa kansa, sai ya yi abin da kowane mutumin ƙauyenmu zai fara yi. Mu a wajenmu ba abin da robar tayar babur ba ta ɗaurewa: kaya, ƙotar fartanya, bakin tulu da ya tsage. Ya yanka roba ya naɗe salansa tsaf, ya tada inji. Kafin ya kai bakin gari robar ta narke tana ɗiga, wari ya cika unguwa, kaji suka watse. Hamani ya leƙo ta katanga yana toshe hanci ya ce yau kuma taya aka gasa. Washegari Ɗanlami ya kwaɓa yumɓu da kashin jaki irin na ginin rumbu, ya shafe bututun. Wannan ya yi kyau a tsaye, amma dutsen farko da ya hau ya zubar da shi gaba ɗaya.

Ranar kasuwa ya ɗaure akuya a bayan babur ya nufi Madawa. Ya sayar da ita, ya wuce rumfar Sufyanu bakanike ya zayyana masa komai. Sufyanu ya shiga ciki ya fito da abu biyu a naɗe kamar gammo, dogon ƙyalle ne mai faɗin yatsa uku, ɗaya fari fat, ɗaya ruwan ƙasa mai kauri.

“Daga Ƙwanni nika sawo su, Baba. Don salansa anka yi su. Hwarin ya hi araha, kuma shi mutane ka so don kyau.”

“Wane na wuta ba ta ci?”

“Duka, haka anka rubuta bisa leda.”

Ɗanlami bai iya karatun boko ba, kuma ko ya iya, ba da ƙafar Indo zai gwada gaskiyar leda ba. Ya roƙi a yanko masa ɗan guntu daga kowanne, ya taka zuwa wajen mai shayi, ya ɗora su kan garwashi ya tsuguna. Farin ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya narke yana warin leda. Mai ruwan ƙasa ya yi ja kamar garwashin, da aka ciro shi ya huce ya koma yadda yake. Sufyanu da ya biyo shi ya tsaya ya riƙe baki, don shi ma bai taɓa gwadawa ba. Ya koma rumfa ya kwashe fararen ya jefa su ƙarƙashin benci.

Sannan ya nuna wa dattijon nasa babur ɗin, wanda ya naɗe da mai ruwan ƙasan wata uku da suka wuce, don ya ga yadda ake yi. Naɗin ya saki, gefunan sun tashi sun yi buzu-buzu, yashi ya cika tsakaninsu. Sufyanu ya ce ai haka abin yake, ba ya daɗewa. Ɗanlami ya durƙusa ya bi naɗin da yatsa, sai kawai ya fashe da dariya, irin wadda ya kwana biyu bai yi ba.

“Ɗana, daga ina ka hwara?”

“Daga wajen inji, na gangaro baya.”

“Kuma busasshe ka naɗa?”

“I mana.”

“To ai kai ka baibaye ɗaki daga ƙoli. Moto gaba shika tahiya, iska da ruwa da rairai daga gaba suka zuwa. Kai ko ka buɗe musu baki kowane zagaye. Daga wutsiya aka hwarawa, na gaba shi hau na baya. Ƙyallen ga ba shi da laihi.”

Sufyanu ya sunkuya ya sake duba salansarsa. Mutum ne mai gaskiya, bai yi gardama ba. Ya sayar wa Ɗanlami mai ruwan ƙasan, ya ara masa sifana, ya nuna masa notunan da ake kwancewa, ya ba shi wayar ƙarfe ta ɗauri. Ya gargaɗe shi abu biyu: ƙyallen yana da ƙaiƙayi fiye da na gero, kada ya taɓa da hannu tsirara, kuma in an tada inji karon farko zai yi hayaƙi sosai, kada ya tsorata, ba wuta ba ce.

Da sassafe Ɗanlami ya kwance salansa ya shimfiɗa ta a ƙofar gida. Ya goge tsatsa da yashi da tsumma har ƙarfe ya yi haske, don ya san ba a rufa sabo kan ruɓaɓɓe. Ya jiƙa ƙyallen a bokiti. Ya zura safar ƙafarsa a hannu, ya kira Hamani ya riƙe masa bututun. Ya ɗaure bakin farko a wutsiya da waya, ya fara zagayawa, yana ja da ƙarfi har ruwa na tsatsowa, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa. Inda bututun ya lanƙwasa ya matse ciki ya saki waje, kamar yadda hannunsa ya saba. Hamani ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga yadda layukan suke jeruwa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya fi wani, sai ya rufe bakinsa. Da aka kai wajen inji Ɗanlami ya ɗaure da waya biyu, ya murɗe, ya lanƙwasa tsinin ciki don kada ya kama zani.

Abin da ya manta shi ne gaya wa mutane zancen hayaƙi. Ya mayar da salansa, ya buga inji, ba a jima ba farin hayaƙi ya turnuƙe kamar an jefa ɗanyen itace a murhu. Mata masu daka suka yar da taɓarya suna salati. Wani ya ce a jawo yara, isansi, wato fetur, zai fashe. Hamani ya suri bokitin ya sheƙo da gudu, Ɗanlami ya sha gabansa ya ware hannuwa yana cewa, “Kar ka taɓa! Bushewa shika yi!” Ruwan duk a kansa ya ƙare, tun daga hula har takalmi. Ta cikin hayaƙin ya hango Indo a bakin zaure. Ta dubi babur ɗin, ta dube shi, ta juya ta shige.

Ya ga kamar ya ƙara ɓata abin ne. Amma ya hau a jiƙensa ya fita bayan gari. Ya hau dutse ya sauko, ya zagaya gonaki, hayaƙin yana raguwa har ya ɗauke. Bai dawo ba sai da inji ya yi zafin da ake jin hucinsa a gwiwa. Ya shigo da babur har tsakar gida, abin da ya daina yi, ya kashe shi gaban ɗakin Indo. Rabin unguwa ta biyo shi.

“Indo, hito ki gani. Ba hawa za ki yi ba, kallo kawai.”

Ta fito ta tsaya nesa. Ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa. Gaskiya ita ce shi ma tsoro yake ji, don gwajin garwashi ya nuna masa ƙyallen ba ya ci da wuta, bai nuna masa abin da zai yi wa fata ba. Ya yi bisimilla ya manna sha-raɓarsa daidai inda tata ta manne. Wata mata ta rufe ido. Ya ƙirga uku a ransa ya janye, ya miƙa ƙafar gaban Indo. Wurin ya yi ɗan ja, shi ke nan.

“Da zahi,” ya ce, “ba ni yi miki ƙarya. Amma zahin tukunyad da anka sauke na, ba shi cire hwata.”

Indo ta sunkuya ta taɓa wurin da yatsa, ta murza, ta duba yatsan. Ta miƙe ta koma ɗaki. Mutane suka watse a hankali. Hamani ma, a karon farko tun suna yara, ya dafa kafaɗarsa ya tafi ba tare da tsiya ba.

Washegari da ya dawo daga sallar asuba ya tarar da ita a ƙofar gida, ta yi lulluɓi, ƙullin jego a kanta. Ba ta dube shi ba, babur ɗin take kallo.

“In za mu tahi mu tahi, kahin rana ta yi.”

Ya ɗaure ƙullin a kan tanki. Ta hau ta hagu, ta ɗage ƙafar dama sama kamar mai tsallake kwata, ta kama rigarsa ta baya ta damƙe har wuyan yana shaƙe shi. Bai ce ta sassauta ba. Suka hau dutse a hankali, gero kore shar hagu da dama.

A ƙorama dole aka sauka. Ya tura babur ya haye, ya dawo ya riƙo hannunta. Can gaɓar tudu ce mai santsi, kuma wajen sake hawa gwiwar nan mai ciwo ta ci amanarta. Ta zame, ƙafar dama ta sauka kan salansa, daidai kan tabon. Ta ƙwalla ihu har tsuntsaye suka tashi daga cikin gero. Ɗanlami ya yar da babur, ya durƙusa cikin laka yana cewa, “Nuna mini, nuna mini.” Ta ɗage zani da kanta, suka duba tare. Tabon yana nan yadda yake, ba abin da ya ƙaru sai laka. Ta shafa, ta sake shafawa. Sai dariyar nan tata ta dawo, wadda ake ji daga rijiya, tana yi hawaye na zuba, shi kuma yana durƙushe yana ta alhamdulillahi.

Da suka isa Galma motar Buza tana tsaye ana lodi, ɗan kamasho yana kiran mutum biyu. Ɗanlami ya tsaya daidai ƙofarta, ya sa ƙafa ƙasa, ya fara kwance ƙullin. Shirin ke nan tun farko, ya kai ta mota ya koma ya ji da gona. Ya jira ta sauka. Ba ta sauka ba.

“Mun iso, Indo. Ga mota.”

“Na gane ta. Wa ya ce maka na gaji?”

“Buza da nisa, kuma gwiwakki...”

“Malam, ɗaure kayan ga. Kai za ka kai ni hal ƙohwar ɗiyata, ta ga wanda ya kawo mata uwa.”

Ya ɗaure ƙullin, sai da ya yi sau biyu don idonsa ya cika bai ga igiyar sosai ba. Ya sha isansi a bakin tasha suka kama hanya. Wannan karon ta saki wuyan rigarsa, ta ɗora ƙafafunta biyu inda ake ɗorawa, kuma duk wanda suka wuce, mai noma ko mai kiwo, sai ta ɗaga hannu ta gaishe shi.

Azahar ta yi musu a Buza. Fatiha tana zaune kan tabarma a inuwar zaure, ciki ya yi mata nauyi, ta ji tsayuwar babur ba ta ko ɗaga kai ba, don ta san uwarta ba ta hawa. Sai da Indo ta ce, “Ke, haka aka tarbon baƙi garin ga?” Fatiha ta ɗago, ta dafa bango ta miƙe, tana ta cewa “Inna, Inna.” Ɗanlami ya kashe inji ya tsaya riƙe da ƙullin jego, yana jira su gama su tuna da shi.